Duwatsun Gadar Rafin Ɗinya

Kwanakin baya wasu matasa da aka turo mana bautar ƙasa suka tambaye ni dalilin da ya sa duba kwalbati ɗaya yake cinye mini rabin yini. Ɗayansu ya ɗaga wayarsa ya ce, "Oga, ai wannan aikin hoto ne. A tsaya, a ɗauka, a tura ofis, shi ke nan." Ban yi masa gardama ba, don ni ba gwanin ba da amsa a tsaye ba ne. Amma tun da ba su ne na farko da suka faɗi haka ba, na ga gara in zauna in rubuta ɗan abin da na sani. Ban ce na san komai game da gada ba. Abin da na gani zan faɗa, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Aikina shi ne duba gadoji da kwalbatocin hanyoyin karkara a ƙasar Birnin Gwari, da tsara wadda za a fara gyarawa. Ba a nan na fara koyon sa ba. Da na gama jami'a, bautar ƙasa ta kai ni kudu, ofishin wani kamfani mai lura da dandamalan ƙarfe da ake haƙar mai a kansu a tsakiyar teku. Ban taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu ba, kada in yi muku ƙarya. Ni ɗan ofis ne, ina jera rahoton masu nutso. Ƙafafun ƙarfen nan suna tsaye cikin ruwan gishiri, igiyar ruwa na dukansu ba hutu, kuma tura mutum ƙarƙashin ruwa abu ne mai tsada da haɗari. Ba a iya duba ko'ina. Sai a zauna a yi tambaya biyu a kan kowace mahaɗa: yaya yiwuwar ta karye kafin a sake zuwa, kuma in ta karye me za ta tafi da shi? Inda amsoshin biyu suka yi nauyi, can ake fara tura mai nutso. Sauran a ɗaga musu ƙafa, amma da sharaɗi guda: dole a dawo a sake dubawa a lokacin da aka yanka. Wannan sharaɗin ne yake riƙe da lissafin gaba ɗaya. A can ban ga nauyinsa ba, don duk ranar da aka ce jirgin ruwa ya tashi, tashi yake yi.

Da na dawo gida na samu aiki a wani shirin gyaran hanyoyin ƙauyuka, aka haɗa ni da Injiniya Bulus, dattijo ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe a nan har ya iya Gwaranci. Aikina na farko da shi wani kwalbati ne a hanyar Tsohon Birnin Gwari. Na sauka daga babur da farar riga da takalmi sau-ciki, na zagaya ta sama, na ce a ganina lafiya yake. Oga Bulus ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Injiniyan teku, ka gama?"

"Na gama, Oga. Sai dai ko da abin da ban lura da shi ba."

"To cire takalmin nan na zuwa biki ka shiga ciki."

"Ciki? Akwai jemagu fa."

"Su ma ma'aikatanmu ne, sun riga ka kama aiki. In ka shiga ka gaishe su."

Na shiga da rarrafe, tocila a baki. A tsakiyar kwalbatin na tarar ruwa ya cinye daɓen, rodi ya fito fili ya yi tsatsa, ruwan kuma ba ta cikin bututun yake bi ba, ta ƙarƙashinsa yake bi. Motoci suna wucewa a saman kaina, ƙasa na zubo mini a wuya. Da na fito bai yi mini dariya ba. Ya ce lissafin da na zo da shi daga kudu yana da kyau, shi ma zai so ya koya, amma sai na fara koyon abin da zan zuba a cikin lissafin.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Akwai ƙaramar guduma. Kankare mai lafiya in ka buga shi yana amsawa da kakkaifar ƙara, wanda ya rabu da rodinsa kuwa amsawa yake kamar ka ƙwanƙwasa ƙwarya a kife. Akwai tef na awo, da tocila, da igiyar da ake ɗaura wa mai shiga ruwa a ƙugu, da gwangwanin jan fenti na sa alama. Akwai kuma 'yan ɓallin gilashi. In mun ga tsaga a jikin gini, sai mu manna gilashi a kanta da ɗan siminti a gefe da gefe. In mun dawo mun tarar ya fashe, tsagar tana motsi. In yana nan, mai yiwuwa tsohon rauni ne da ya riga ya tsaya.

Amma babban kayan aiki sanda ce, dogon rodi da muka yi wa zoben fenti kowane taki. Da ita ake shiga rafi a laluba gindin ginshiƙi. Gadojinmu, a iya abin da na gani, ba kasafai suke mutuwa ta sama ba. Ruwa ne yake kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi, damina bayan damina, har ginshiƙin ya koma tsaye a kan iska. Kuma wannan duba yana da lokacinsa. In ka je da tsakar damina ruwa zai tafi da kai. In ka bari rani ya yi nisa, yashi ya koma ya cike ramin, sai ka ga wuri sumul kamar ba abin da ya faru. Sai ƙarshen damina, ruwa ya sauko iya ƙugu, sannan ka tura sanda ka ji da hannunka ko yashi ne sako-sako ko ƙasa ce ta asali. Bambancin ba ya fitowa a hoto. Ni kaina na ɗauki damuna da dama kafin hannuna ya fara gane shi, kuma har yau nakan sake turawa don in tabbata.

Masu hulɗa da mu kuwa kowa gadarsa ce ta fi gaggawa. Masu unguwanni, 'yan kasuwar hatsi, malaman makaranta, fastoci da limamai, duk sun san ƙofar ofishinmu. Direbobi ne kaɗai suke jayayya ta ɗaya ɓangaren. Ka ce musu kada babbar mota ta hau, sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Injiniya, jiya na haye ta da lodi har sama, ko tari ba ta yi ba." Ba ka da amsar da za ta gamsar da shi, don gaskiya ya faɗa. Abin da kake tsoro bai faru ba tukuna, kuma in ka yi aikinka daidai ba zai taɓa ganin sa ba.

Shekarar da Oga Bulus ya yi ritaya ya koma garinsu, aka bar mini tsarin. Simintin da rodin da aka ware mana a lokacin na babban gyara ɗaya ne, gadojin da ke neman sa kuwa biyu ne.

Ta farko gadar Rafin Gora ce, ta wajen Saminaka. A ido ba ta da laifi, har fentin gefenta bai goge ba. Amma da na shiga ruwa, sandata ta shige ƙarƙashin ginshiƙin tsakiya har ta kusa ɓacewa ban taɓa ƙasa mai ƙarfi ba. Ƙauyuka da yawa ne a bayanta, da ɗakin shan magani, da makarantar firamare.

Ta biyu gadar Rafin Ɗinya ce, ta wajen Tabanni, wadda ita kaɗai ce hanyar mota daga gari zuwa ƙauyen wani dattijo, Mai Unguwa Tanko, Bagwari manomin masara. Ita wannan a ido ma abin tsoro ce. Akwai tsaga a katangar gefenta da hannu zai shiga. Amma gilashin da muka manna mata tun zamanin Oga Bulus yana nan bai fashe ba. A ƙarƙashi kuma ruwa ya fara cin gindin ginshiƙi ɗaya, sai dai kaɗan ne, bai wuce taki ba. A lissafina za ta iya jira, muddin ana zuwa kowane ƙarshen damina ana tura sanda.

Na zaɓi Rafin Gora. Har yau in aka mayar da ni wannan ranar da abin da na sani a ranar, ina jin ita zan sake zaɓa.

Na je da kaina na gaya wa Mai Unguwa Tanko. Muka zauna a gindin ɗinyar da aka sa wa rafin sunanta, ya saurare ni har na gama.

"To, ɗana," ya ce, "wato wadda ta tsage ita ce mai lafiya, wadda ba ta tsage ba ita ce majinyaciya."

"Kusan haka ne, Baba. Ban ce taku lafiyarta ƙalau ba. Na ce a ganina za ta iya jira."

"A ganinka. Kai komai a ganinka ne. Ranar da ka nemi aure ma haka ka ce wa surukanka, a ganinka kana son ta?"

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, sannan ya tambaye ni ko su ne na gaba. Na ce a tsarin da na rubuta su ne na gaba, in kayan aiki sun zo.

A nan sai na bayyana wata ƙa'ida ta shirin namu, don ba kowa ya san ta ba. Ba a yi wa gari aiki sai ya kawo kasonsa. Mu ne da siminti da rodi da magina, gari kuma shi ne da yashi da duwatsu da 'yan ɗauko ruwa. Kafin a saki kaya sai an turo wani jami'i ya ga tulin da idonsa. Garin da aka zo ba a ga kasonsa ba, tsallake shi ake yi a ba na gaba. An taɓa yi wa wani ƙauye maƙwabcinsu haka, kuma kowa a yankin ya san labarin.

Mutanen Mai Unguwa Tanko ba su jira an ce musu su fara ba. Da rani ya shigo suka kira gayya. Maza suna fasa dutse a wani tsauni da ke bayan gonakinsu, mata suna ɗaukowa a kafaɗa yadda matan Gwari suke ɗaukar kaya, Musulmi da Kirista, ranar Juma'a waɗannan su huta, ranar Lahadi waɗancan. Da na bi ta wurin a hanyata ta dawowa daga wani aiki, na tarar da tulin duwatsu a bakin rafi ya fi tsayina, an jera shi tsaf kamar za a yi masa hoto. Ban taɓa ganin garin da ya tara kaso mai kyau irin wannan ba.

Muka gama Rafin Gora kafin ruwa ya sauka. Aiki ne da ba na jin kunyar a nuna wa kowa.

Daga nan shekarar ta lalace. Ba sai na yi wa ɗan Birnin Gwari bayanin abin da ya faru da dajinmu ba. Masu bindiga suka riƙe hanyoyi, manomi ya koma ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, mu kuma aka hana mu fita bayan gari da babur na ofis. Ƙauyukan da ke bayan gadar Rafin Gora suka watse ɗaya bayan ɗaya, ɗakin shan maganin ya rufe. Wasu daga cikin mutanen suka koma wajen 'yan'uwansu ta ɓangaren Tabanni, har da ƙauyen Mai Unguwa Tanko. Direbobin da suke gudun babbar hanya kuma suka gano cewa ta Rafin Ɗinya ana iya zagayewa. Gadar da aka yi don ƙananan motocin kaya irin su kanta da a-kori-kura ta koma ɗaukar manyan motoci. Tambayoyin nan biyu da na gina tsarina a kansu, duk amsoshinsu sun canza, ni kuwa ina zaune a ofis ba ni da halin zuwa in auna.

Ƙarshen damina ya zo ya wuce ban je ba. Wani malamin makaranta a ƙauyen Mai Unguwa Tanko yakan hau tudu inda ake samun sabis ya turo mini hoto. Kullum hoton gilashin ne, yana nan garau. Sun ɗauka shi ne ma'aunin lafiyar gadar, tun da shi suke gani muna dubawa. Na roƙa a samu mai shiga ruwa da gora ya laluba gindin ginshiƙin. Aka yi, Mai Unguwa ya kira ni da kansa.

"Injiniya, an tura gorar. Ta shiga."

"Ta shiga har ina, Baba?"

"Ta shiga dai."

"Yashi ne ta ratsa, ko rami ne fanko?"

"Ɗana, wanda ya shiga bai tsaya tambayar ta ba. Bakin rafin nan yanzu ba wurin daɗewa ba ne."

Ban san zurfin ramin ba, amma na san maganin wucin gadi, kuma yana ajiye a bakin rafin. In aka zuba manyan duwatsu a kewaye gindin ginshiƙi, aka cusa ƙanana a tsakaninsu, ruwa yakan rage ci. Ba gyara ba ne, amma yakan riƙe gada damina ɗaya, wani lokaci biyu. Na ce masa kafin ruwa ya dawo su kira gayya su zuba duwatsun nan a gindin ginshiƙin.



"Duwatsun kasonmu?"

"Su, Baba."

"Mu zuba su a ruwa. To ranar da mai dubawa ya zo ya tarar da fili, mu ce masa me? Mu ce ya cire riga ya nutsa ya ƙirga?"

"Zan rubuta cewa ni na ce a zuba."

"Ka rubuta. In an canza ka fa? Tsaunin da muka faso su, yau ko da kuɗi ba mai zuwa can. In waɗannan suka tafi ba mu da wasu. Ni tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka ce mini a ganinka. In muka zuba, ka tabbata ba za a tsallake mu ba?"

Ba ni nake sakin kaya ba, ba ni nake turo mai dubawa ba, kuma ban san wanda zai zauna a kujerar ba lokacin da hanya za ta buɗe. Na ce masa zan yi iya ƙoƙarina, kuma ina kyautata zaton za a fahimta, amma tabbas ɗin da yake nema ba a hannuna yake ba.

"To ka ji," ya ce. "Kai da kake cikin ofis ba ka tabbata ba, ni da nake daji in tabbata? Gilashinka dai bai fashe ba. Allah ya kai mu ka zo da kanka."

Na kai maganar gaba a rubuce, na nemi a ba su tabbacin a hukumance. Ba a ƙi ba. Amma masu sa hannu a lokacin hankalinsu yana kan abubuwan da suka fi gada, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Kafin amsa ta fito ruwa ya sauka.

Gadar Rafin Ɗinya ta faɗi a cikin watan Agusta, da rana, bayan wani ruwa da aka kwana biyu ana yi. Ba kowa a kanta, wannan kam an gode Allah. Ginshiƙin ya kwanta gefe, daɓen ya karye biyu ya zauna a cikin rafin. Katangar gefen mai tsaga ba ta motsa ba. Da kaka ta yi, masarar da suka samu suka noma a gonakin kusa da gida ba motar da za ta ɗauke ta. Sai a kai buhu bakin rafi, a ratsa ruwa da shi a ka, a ɗora wa babur a ɗaya gefen, kowane mataki da ladansa. 'Yan kasuwa suka daina shiga, wanda ya shiga kuma shi yake yanka farashi. Mai naƙuda da maras lafiya a kan gadon kara ake ratsawa da su. Gadar Rafin Gora kuwa tana nan tsaye lafiya lau, ciyawa ta rufe hanyar da ke kai wa gare ta.

Ban ce ku raina lissafi ba. Da shi nake aiki har gobe, kuma ban san wata hanya da ta fi shi ba ga wanda kayansa ba su isa ko'ina ba. Amma duk gadar da kuka ce ta jira, kun ɗaura wa kanku komawa, kuma komawar ba kullum take hannunku ba. Ya kamata tun ranar da za ku ce a jira ku zauna da mutanen gari ku yanke abin da za a yi in ba ku dawo ba, a sa hannu a kai tun hanya tana buɗe. Yanzu haka nake yi. A lokacin ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa, har da ni, har da waɗanda suka koya mini.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi na samu na je. Shirin namu ya riga ya ƙare wa'adinsa, wanda ya gaje shi kuma kwalbatoci kawai yake yi, sabuwar gada ta fi ƙarfinsa. Na bar babur a wannan gefen na ratsa rafin da ƙafa. Mai Unguwa Tanko ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya. Bai yi mini ƙorafi ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyalina, ya tambayi labarin Oga Bulus. Sannan ya ce in zo in ga wani abu.

Ya kai ni bakin rafi. Tulin duwatsun yana nan yadda na bar shi, sai dai an share ciyawar da ke kewaye da shi, da alama ba a daɗe da sharewa ba. Tazarar da ke tsakaninsa da ginshiƙin da ya kwanta ba ta fi jifa da hannu ba.

"Ga kasonmu nan, Injiniya," ya ce. "Ko ɗaya ba mu taɓa ba. Masu gini sun zo saye, na hana. Ka duba da kyau, ka gaya musu mun cika namu."

Na ce na gani, Baba, kuma zan faɗa.

"To yaushe simintin zai zo?"

Na ce masa ban sani ba.